V na 1983: da a ce Baƙin nan ba ƙadangaru ba ne, wa zai tashi ya yaƙe su?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na zauna na sake kallon V, wanda gidan talabijin na NBC a Amurka ya nuna kashi biyu a watan Mayun 1983. Rabona da shi tun ina ƙaramar sakandare, a kaset, a falon wani maƙwabcinmu, mu kusan ashirin zaune a kan leda. Ga wanda bai san shi ba: wata rana aka wayi gari manyan jirage guda 50, kowanne kamar faranti, sun tsaya cak a saman manyan biranen duniya. Waɗanda suka sauko kamar mu suke sak, sai dai jajayen kaya, baƙin tabarau, da murya mai amsa-kuwwa. Babbansu John ya tsaya a saman ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a New York ya ce da lumana suka zo, duniyarsu ce ta shiga matsala, suna neman wasu sinadarai da masana'antunmu za su iya sarrafa musu, su kuma su saka mana da iliminsu. Aka yi ta tafi da murna. Ashe ƙadangaru ne sanye da fatar mutum, ruwan duniya suka zo kwashewa, mutane kuma guzuri.

Ina yaro abin da ya hana ni barci shi ne inda Diana, mataimakiyar John, ta wangale baki ta haɗiye ɓeran Masar da ransa. Yanzu da furfura ta fara fito mini wani abu daban ne ya tsaya mini a rai. Baƙin nan sun karɓe gidajen jarida, sun sa ana ɓatar da mutane, sun sa 'ya'ya suna kai ƙarar iyayensu, amma yawancin jama'a ba su motsa ba. Sai da aka yage fuska aka ga koriyar fata sannan hankali ya tashi. To ni ina ganin marubucin ya sauƙaƙa mana lamarin da yawa. Da a ce a ƙarƙashin fuskar nan wata fuskar mutum ce, kyakkyawa ma, wa zai ɗauki makami? Ina son jin ra'ayin waɗanda suka kalla.

Maman_Zahra:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa ka tuna mini da nisa. Yayana ne ya aro kaset ɗin, bayan wajen ɓeran nan mahaifiyarmu ta zo ta kashe talabijin ta ce ba a gidanta ba. Sai da muka je gidan ƙanwar babanmu muka ƙarasa. Har yau in na ga ƙadangare yana gyaɗa kai a katanga Diana nake tunawa.

Mai_Kaset_Na_Da:
Ni da na yi shekaru ina ba da hayar kaset, bari in fara gyara wani abu kafin a ruɗe, don mutane na haɗa su wuri ɗaya. V uku ne a wancan zamanin. Na farko shi ne na 1983, kashi biyu, Kenneth Johnson ya rubuta ya kuma ba da umarni. Na biyu The Final Battle, kashi uku, Mayun 1984, shi kuma Johnson ya bar aikin tun kafin a gama saboda saɓani da masu kamfani. Na uku shi ne na mako-mako, daga ƙarshen 1984 zuwa Maris 1985, kashi 19, aka dakatar da shi labari bai ƙare ba. Duk wanda zai yi magana ya faɗi wanda yake nufi, domin ba hannu ɗaya ya dafa su ba, kuma ɗanɗanonsu ba ɗaya ba ne.

Malam_Sidi:
Alhaji Baban Khalifa, tambayarka tana da kyau, amma akwai gyara a cikinta. Ba gaskiya ba ne cewa babu wanda ya motsa sai da aka ga fatar. Ka tuna Julie Parrish, ɗalibar likitanci? Ita da 'yan tsirarun da suka fara taruwa a ɓoye ba su san da wani ƙadangare ba a lokacin. Abin da suka gani shi ne abokan aikinsu suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ana fitowa a talabijin ana cewa masana kimiyya sun ƙulla makirci, ana tilasta musu su je su yi rajista. Wannan kaɗai ya ishe su. Haka tsohon nan Abraham Bernstein. Shi tun ranar farko jikinsa ya ba shi, don ya taɓa ganin irin wannan a Turai, ya fito da rai daga sansanin 'yan Nazi. Shi ne ya dage sai an ɓoye iyalan Maxwell, wani masanin kimiyya, a ɗakin bayan gidansu alhali ɗansa yana jin tsoro. Bai ga fatar kowa ba.

Sannan ainihin abin da kake nema, shi Johnson ya fara rubutawa. Labarinsa na farko babu ko baƙo ɗaya daga wata duniya a ciki. Ya ɗauko tunanin ne daga littafin Sinclair Lewis na 1935, It Can't Happen Here, wanda ke ba da labarin yadda ɗan kama-karya ya hau mulki a Amurka ta hanyar zaɓe. Johnson ya so ya nuna Amurkawa suna danne Amurkawa. Shugabannin NBC ne suka ga abin ya yi wa 'yan kallo nauyi, ga kuma kasuwar finafinan sararin samaniya tana ci bayan Star Wars, sai aka mayar da azzaluman baƙi daga wata duniya.

Baban_Khalifa:
Na gode Malam, na karɓi gyaran Julie da Abraham. Amma ka ga bayaninka na biyu ya ƙara mini ƙarfi. Kenan su kansu masu gidan talabijin sun san cewa in azzalumin ɗan gida ne, ɗan kallo zai tsargu. In ƙadangare ne kuwa kowa zai koma gida da sanyin zuciya, ya ce ai ni ba na cin ɓera.

Injiniya_Bala:
Ni matsalata da fim ɗin ba ta nan take ba. Maganar ruwa ce. Halittar da ta iya tsallako tazarar da haske ke yin sama da shekara takwas kafin ya ratsa, ba ta da dalilin zuwa ta yi rigima da mu a kan ruwa. Ƙanƙara ta cika sararin nan. Zobban Saturn kusan duk ƙanƙarar ruwa ce, Europa, ɗaya daga cikin watannin Jupiter, tana lulluɓe da ƙanƙara, taurari masu wutsiya ma haka. Ba mai gadi, ba mai bindiga, kuma ba sai ka yi wahalar ɗago shi daga ƙasa mai nauyin janyowa kamar tamu ba. Ruwa nauyi gare shi, lita ɗaya kilo ɗaya. Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa ya san me nake nufi.

Sadiya_K:
Yaya Injiniya, ai ba ruwa kaɗai ba ne. Martin, wani hafsan Baƙin, ya gaya wa Donovan, mai ɗaukar hoton labarai da ya shiga gwagwarmaya, cewa mutanen da aka jera a cikin jirgi kamar an sa su barci, wasu za a mai da su sojoji ne a yaƙin da shugabansu yake yi da wasu abokan gaba, sauran kuma abinci. A zobban Saturn babu mutane.

Injiniya_Bala:
Haka ne ƙanwata, wannan na yarda. Amma ko nan ɗin, kiwon shanu ya fi sauƙi.

Yaron_Malam:
Wata fa'ida a gefe. Tauraron da suka ce daga wajensa suka zo, Sirius, shi ne Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, aya ta 49. Shi ne tauraro mafi haske da ake gani da daddare, in ka cire su Zara waɗanda duniyoyi ne ba taurari ba. Lokacin hunturu in sama ta yi garau ana ganinsa sosai ta wajen kudu.

Hajiya_Uwani:
'Ya'yana, ni ban san kimiyya ba, amma lokacin da jikokina suka kunna mini shi na ce ai wannan tatsuniyar kakarmu ce. Yarinyar nan da ta ce ba za ta auri mai tabo ko ɗaya a jiki ba. Samarin gari duk ta kore su. Sai ga baƙo ya zo, fatarsa sumul kamar an goge, ta ce shi take so. Bayan an ɗaura aure sun kama hanya sai ya riƙa mayar da abin da ya aro ɗaya bayan ɗaya, har ya koma macijinsa. Ita yarinyar fim ɗin, Robin 'yar Maxwell, ba haka ta yi ba? Ga yaron maƙwabta yana binta ba ta kula shi ba, ta maƙale wa Brian, ɗaya daga cikin Baƙin, saboda kyan fuska. Abin da ya ba ni tausayi, a tatsuniyarmu ƙaninta ko ƙanwarta ke binta a ceto ta. Ita wannan da ciki ta dawo, kuma ba da saninta ba gwaji ne Diana ta shirya a kanta.

Ɗan_Tudu:
Hajiya Allah ya ƙara lafiya, kin kawo wajen da nake so. Amma yaron maƙwabtan nan da kika ambata, Daniel, shi ne mutumin da ya fi ba ni tsoro a duk fim ɗin, kuma shi ne amsar Baban Khalifa. Yaro ne da ba ya riƙe aiki, ana yi masa kallon marar amfani. Baƙi suka buɗe ƙungiyar matasa masu ƙaunarsu, suka ba shi kaki da bindiga da muƙami. Rana ɗaya ya zama wanda ake tsoro a unguwa. Shi ne ya tona asirin iyalan da kakansa Abraham ya ɓoye, saboda Robin ta ƙi shi. Sakamakon haka aka kwashe iyayensa aka azabtar da su, kakan kuma bai dawo ba. Jikan mutumin da ya tsira daga hannun 'yan Nazi fa. Kuma ku lura, bayan magana ta fito cewa ƙadangaru ne Daniel bai ajiye kakin ba. A The Final Battle har tsohuwar nan Ruby ya harbe, wadda ta san shi tun yana cikin zanen goyo. To ina sauƙin da aka yi mana a nan? Da ɗan gari akan ci gari, kuma fim ɗin bai ɓoye hakan ba.

Maman_Zahra:
Ruby! Wallahi na yi kuka a wajen nan. Tana yi masa magana a hankali kamar jikanta.

Sadiya_K:
Ni mahaifiyar Donovan ce ta fi ƙona mini rai, Eleanor. Daniel yaro ne mai ƙaramin tunani. Ita kuwa babbar mace ce mai dukiya, ta san komai, ta zaɓi inda riba take. Ana neman ɗanta ruwa a jallo tana shirya wa Steven, wani babban jami'in Baƙin, liyafa. Da ta ga alamar gari zai juya ta so ta sauya sheƙa, Steven ɗin ya harbe ta. Kristine 'yar jarida ma ta sayar da sunanta ta zama kakakinsu, amma ita ta tuba a gaban kyamara. Bayan Julie ta yage fuskar John a bikin asibiti, aka sa ta ta fito ta ce duk shiri ne na 'yan ta'adda. Ta fara karantawa, sai ta tsaya ta faɗi gaskiya, Diana ta kashe ta nan take.

Baban_Khalifa:
Ɗan Tudu maganarka ta shige ni. Amma Sadiya, ki duba abin da kika faɗa. Kristine ta shafe watanni tana karanta ƙarya a kan masana kimiyya, tana ganin ana kwashe mutane, ba ta tuba ba. Sai da ta ga abin da ke cikin jirgi da idonta, ta kuma ga fuskar John. Wannan shi ne ƙorafina tun farko.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum. Mu da Faransanci muka kalle shi, kaset ne wani kawunmu ya zo da shi. Abin da na riƙe shi ne tsohon nan Abraham ya tarar da yara suna ɓata hoton Baƙi da fenti, ya kama hannun yaron ya nuna masa yadda zai ja harafin V da jan fenti. A lokacin ban san tushen abin ba. Daga baya na karanta cewa a Janairun 1941 wani ɗan Beljiyam mai suna Victor de Laveleye, yana magana a rediyon BBC, ya nemi mutanen ƙasarsa su riƙa rubuta V a bango, domin harafin farko ne na kalmar nasara a Faransanci da kalmar 'yanci a harshen Filemish. Churchill ya ɗauka ya riƙa yi da yatsu biyu. Mutane da yawa suna zaton V ɗin sunan fim na nufin Baƙin ne kawai, alhali tsohon nasara yake nufi.

Malam_Sidi:
Madalla ɗan uwa na Damagaram. In ka bi fim ɗin da tarihin Jamus a hannu, kusan komai yana da takwara. Tambarin Baƙin an zana shi ne ya yi kama da na 'yan Nazi. Ƙungiyar su Daniel ita ce ƙungiyar matasan Hitler. Ƙirƙiro makirci don a sami hujjar dokar ta-ɓaci ya yi kama da abin da ya biyo bayan gobarar majalisar dokokin Jamus a Fabrairun 1933. A Afrilun shekarar aka yi dokar da ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati, har da malaman jami'a. A fim ɗin masana kimiyya aka sa a wannan gurbin, kuma da dalili: su ne za su iya gane cewa jikin Baƙin ba na mutum ba ne. Ku tuna ma yadda waɗanda Diana ta juya wa tunani suke fitowa su amsa laifin da ba su yi ba, sai aka lura mai rubutu da dama ya koma yi da hagu.

Bakatsine_77:
Ni da na kalla, Turawan mulkin mallaka na gani. Sun zo da sunan ciniki da abota, a 1885 Joseph Thomson ya je Sakkwato da Gwandu da takardun yarjejeniya a madadin kamfani, shekara 18 bayan nan, a 1903, aka ci Kano da Sakkwato da bindiga. Baƙo ya zo da kyauta, ya nemi wurin ajiye kaya, ya ƙare da karɓe gida.

Malam_Sidi:
Mai kallo yana da 'yancin ya ga tarihinsa a cikin labari, ba zan hana ka ba. Amma kada mu jingina wa marubucin abin da bai nufa ba. Turai ta shekarun 1930 da 1940 yake kallo. Sai dai ya buɗe fim ɗin da Donovan yana ɗaukar hoton yaƙin El Salvador, jirage masu saukar ungulu suna ɓarin wuta a kan ƙauye, don ya nuna cewa abin bai tsaya a Turai ba. Kuma ya sadaukar da aikin ga masu gwagwarmaya na da, da na yanzu, da na gaba.

Bakatsine_77:
To ai shi ke nan Malam, in ya ce na da, namu ma suna ciki. Kuma ka ga wannan ya taɓo tambayar Baban Khalifa: waɗanda suka tsaya a Burmi ba su jira sun ga fatar ƙadangare ba.

Auta_Fati:
Don Allah ba wanda zai yi maganar Willie? Shi ne na fi so. Larabci aka koya masa don a Gabas ta Tsakiya aka shirya zai yi aiki, sai aka yi kuskure aka turo shi Los Angeles, yana ta kwaɓa Turanci. Ya shiga cikin sanyin da zai kashe mutum ya ciro Caleb a masana'anta, Caleb ɗin da ba ya ko son ganinsu. Shi ma ƙadangare ne a ciki. Martin ma haka, hafsa ne a jirginsu amma yana taimakon mutane a ɓoye. To in fim ɗin yana cewa fata ce ke nuna mugu, me ya kawo su Willie? Ni a ganina Baba, fim ɗin ya riga ya ba ka amsa. Akwai mai fatar mutum irin Daniel, akwai mai fatar ƙadangare irin Martin.

Mai_Kaset_Na_Da:
Wanda ya fito a Willie, Robert Englund, shi ne Freddy na A Nightmare on Elm Street a 1984. Masu zuwa haya ba sa yarda in na gaya musu, sai na ɗora kwalayen biyu a kan kanta sun duba sunan.

Yaron_Malam:
Sunan da su Martin suke kiran kansu, runduna ta biyar, daga yaƙin basasar Sifaniya ya samo asali, 1936. Ana jingina maganar ga Janar Mola, cewa runduna huɗu na tunkarar Madrid, ta biyar kuma tana cikin garin. Asalinta kalmar zargi ce ta maciya amana. Fim ɗin ya juya ta ta zama ta mutanen kirki.

Baban_Khalifa:
'Yata Fati, Allah ya yi miki albarka, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo mini. Na yarda fim ɗin bai ce duk ƙadangare mugu ba ne. Amma ki duba yadda aka ƙare yaƙin a kashi na biyu. Jar ƙura. Guba ce da ke kashe duk mai jinin Baƙi, aka zuba ta a balan-balan aka watsa a sararin duniya. Su Martin sai da aka ba su maganin kariya. Kenan a ƙarshe jini ne ya raba gardama, ba hali ba. Azzalumin da yake ɗan uwanka babu ƙurar da za ta zaɓe shi ta bar ka.

Mai_Kaset_Na_Da:
Shi ya sa na ce a riƙa faɗin wanda ake nufi. Jar ƙura ba a na Johnson take ba. Nasa ya ƙare ne ba tare da nasara ba: 'yan gwagwarmaya sun tsira da ƙyar a sansaninsu na kan dutse, sun aika saƙo sararin samaniya ko abokan gabar Baƙin za su ji, kuma sun san amsa na iya ɗaukar shekaru. Da ya rubuta nasa ci gaban a littafi a 2008, V: The Second Generation, bai bi ta kan jar ƙura ba sam, ya ɗauko labarin bayan shekara 20 Baƙin suna nan daram.

Ɗan_Tudu:
Ƙarshen The Final Battle ni ma bai gamsar da ni ba. Diana ta kunna na'urar da za ta tarwatsa jirgin da duniya baki ɗaya, ta zama ƙadangaren bakin tulu na gaske, a kashe ta a fasa tulu, a bar ta ta ɓata ruwa. An kai mu maƙura. Sai kawai yarinyar nan Elizabeth, 'yar Robin, ta ɗora hannu, jikinta ya yi ƙyalƙyali, na'ura ta tsaya. Mutanen da suka yi ta mutuwa tun farko, likita Ben, Ruby, Abraham, sai aka warware abin da siddabaru. Wannan ya ci mini rai. Abin da ya cece shi a wajena Ham Tyler ne, wanda Michael Ironside ya fito, da yadda ba sa ga maciji shi da Donovan amma dole ta haɗa su.

Injiniya_Bala:
A na mako-mako ma sun janye rabin maganar. Suka ce ƙurar ba ta daɗewa sai a inda ake sanyi mai ƙanƙara, a wurare masu zafi ta mutu, shi ya sa Baƙin suka dawo. Los Angeles ta koma hannun attajirin nan Nathan Bates yana ciniki da ɓangarorin biyu. Tunanin yana da kyau, amma kuɗi sun yi ƙaranci, suka riƙa maimaita tsofaffin hotunan jirage, har muryar nan mai amsa-kuwwa suka cire.

Gaskiya_Ɗaya:
Ku kuna ɗaukarsa fim. Akwai masu cewa da gaske manyan duniya ƙadangaru ne, fim ɗin tona asiri ne.

Malam_Sidi:
A'a ɗan uwa, kada mu bi nan. Wanda ya yaɗa wannan magana wani Bature ne ɗan Ingila, David Icke, a shekarun 1990, bayan fim ɗin da daɗewa, kuma bai kawo hujja ko ɗaya ba. Abin baƙin cikin shi ne, V an yi shi ne don ya nuna yadda ake ƙaga wa wasu mutane makirci a ce ba irinmu ba ne don a halatta jininsu. Wanda ya kalle shi ya fito yana nuna wasu da yatsa yana cewa ba mutane ba ne, aikin Diana ya ɗauka, ba na Abraham ba.

Sadiya_K:
Akwai wanda ya kalli sabon na ABC, 2009 zuwa 2011? Morena Baccarin ce Anna, shugabarsu. A can jama'ar gari ba su ga fata ba, cibiyoyin warkar da marasa lafiya suka buɗe, mutane suna tururuwa da kansu. Ya fi kusa da abin da Baban Khalifa yake so. Jane Badler, wadda ta fito a Diana a na da, ita ma ta dawo a zango na biyu a matsayin uwar Anna.

Maman_Zahra:
Na kalla, kashi 22 ne gaba ɗaya, shi ma an yanke shi a tsakiya. Hotonsa ya fi kyau amma ban damu da kowa a ciki ba. Na da akwai mai aikin lambu Sancho da ya ɓoye iyali a bayan motarsa ya tsallake shingen bincike da su, akwai Elias ɗan sane da mutuwar yayansa ta sauya shi. Unguwa guda aka nuna maka, ka san gidan kowa, shi ya sa in an ƙwanƙwasa ƙofa gabanka ke faɗuwa.

Hajiya_Uwani:
Baban Khalifa, ni dai in ƙara ɗaya. A tatsuniyar da na faɗa, tun kafin maciji ya tuɓe akwai tsohuwar da ta ce wa yarinyar kada ta bi shi. Ba ta ga komai a jikinsa ba, ta dai tambaya ina danginsa, ina garinsu, ba amsa. Ba a saurare ta ba ne.

Baban_Khalifa:
Hajiya na ji, kuma Abraham ne tsohuwar a nan. Har yanzu dai ina nan kan cewa su biyu ko uku ne a unguwa guda, sauran sai da suka ga fata. Daren nan zan sa wa Khalifa da ƙannensa kashi na farko, zan tsayar da shi daidai kafin Donovan ya shiga jirgin, in tambaye su ko sun yarda da Baƙin ko ba su yarda ba, da dalilinsu.

Auta_Fati:
Baba ka tabbata ba su leƙa intanet ba tukuna, hoton Diana da rabin fuska ne ke fara fitowa. Ka karɓe wayoyin kafin a fara.